Mai Fasaha da Mai Taɓin Hankali a Arewacin Zamfara: Daga Garayar Girka Zuwa Gwanjon Taimako

1.0 Gabatarwa

A biranen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta, watau masu zane da masu sassaƙa su ba da ayyukan hannunsu kyauta ga wata ƙungiyar agaji, ita kuma ta yi gwanjonsu a bainar jama'a, ta zuba abin da aka samu a hidimar masu taɓin hankali. Wanda ya dubi wannan al'ada daga ƙasar Hausa zai iya ɗauka baƙuwa ce tun daga tushe har ganye, tun da yake an saba ganin mai fasaha a wurin karɓar kyauta. To amma tarihin arewacin Zamfara, musamman ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ya nuna cewa dangantakar mai fasaha da mai taɓin hankali daɗaɗɗiya ce a wannan yanki, har ma ta fi ta Turai kusanci a wani zamani. Abin da ya faru shi ne an raba su, sa'an nan hanyoyin da Hausawa suka ƙago na tara gudummawa da kiɗa suka tsallake wannan majinyaci, suka bar shi ga danginsa kaɗai. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun rabuwar, da bayyana dalilanta, da auna abin da gwanjon taimako zai iya gyarawa a ciki.

2.0 Asalin Gwanjon Taimako

Ana iya kai tushen wannan al'ada ga birnin Landan na ƙarni na 18. A 1739 aka kafa wani gidan renon jariran da aka yar, mai suna Foundling Hospital. A 1740 mai zane William Hogarth ya ba gidan hoton da ya zana na wanda ya kafa shi, Thomas Coram, sa'an nan ya jawo abokan sana'arsa suka yi koyi da shi. Bangon gidan ya cika da zane, attajirai suka riƙa zuwa kallo, idan sun zo kuwa sai su bar sadaka. Daga 1750 mawaƙi Handel ya riƙa gabatar da kiɗansa a wurin kowace shekara, kuɗin shiga kuma na marayu ne. A wannan shekara Hogarth ya sa wani zanensa a ƙuri'a, ya ba gidan ragowar tikitin da ba a saya ba, kuma a cikinsu ƙuri'ar ta faɗa.

Marayu ne suka ci moriyar wannan karamci. Masu taɓin hankali na Landan kuwa, waɗanda ake tsare da su a asibitin Bethlem, abin kallo ne a lokacin, domin har zuwa 1770 kowa na iya shiga ya yi kallonsu kamar yadda ake kallon wasan kura. Hogarth da kansa ya zana su cikin mari a 1735. An daɗe ƙwarai kafin mai zane ya tsaya a gefen majinyaci. A 1922 wani likita a Jamus, Hans Prinzhorn, ya buga littafi a kan zane-zanen da majinyatan asibitocin ƙwaƙwalwa suka yi, abin da ya sa aka fara ganin mai taɓin hankali shi ma yana iya zama mai fasaha. A zamanin nan akwai irin ƙungiyar Hospital Rooms ta Ingila, wadda aka kafa a 2016 don kai masu zane su ƙawata ɗakunan jinyar masu taɓin hankali; ta kuma yi gwanjon ayyukan da masu zane suka ba ta kyauta, tare da gidan baje kolin Hauser & Wirth.

A Nijeriya ma akwai abin ambato. A farkon shekarun 1950 Ulli Beier ya riƙa kai takarda da fenti gidan tsare masu taɓin hankali na Lantoro a Abeokuta, kuma zanen da suka yi ya fito cikin littafi a 1982. Kasuwar gwanjon zane kuwa ta kafu a Legas, inda kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjonsa a 2008. A 2018 aka sayar da wani zanen Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2. Abin lura a nan shi ne sharaɗin da wannan al'ada ta tsaya a kai: dole aikin fasaha ya zama kaya, wanda za a iya raba shi da mai shi, a rataye shi, a yi masa kuɗi. Fasahar da ta fi ƙarfi a Zamfara kuwa a baki take da kan ganga.

3.0 Ƙasar da Tarihinta

Arewacin Zamfara tsohuwar matattara ce. Ruwayar baka ta nuna cewa a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, sarautar Zamfarawa ta fara kafuwa, kafin ta koma Birnin Zamfara kusa da Isa. Wajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci wannan birni, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. A ƙarshen shekarun 1780 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Da jihadi ya tashi a 1804, Fulanin Alibawa na yankin Zurmi suka bi Shehu, jarumin cikinsu kuwa shi ne Muhammadu Namoda, wanda yana cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, kuma sunansa garin Ƙaura yake ɗauke da shi. Shinkafi ta girma a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, ta yi suna da kasuwarta ta ranar Alhamis. A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya, garin ya zama tashar gyada da auduga. Da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, Isa ta zauna a Sakkwato, Shinkafi ta faɗo Zamfara.

Ke nan al'adu uku ne suka gauraya a nan: ta Zamfarawa, da ta Gobirawa, da ta masu jihadi. Kowace da irin fahimtar da ta yi wa ciwon hankali, da kuma irin matsayin da ta ba makaɗi a kansa.

4.0 Zamanin da Kiɗa Yake Cikin Magani

Hausa ba ta yi wa ciwon hankali suna ɗaya ba. Akwai hauka, wadda idan ta kai matuƙa a ce tuburan. Akwai taɓuwa da motsuwa da zautuwa, waɗanda ake faɗa don sakayawa. Akwai kuma bugun iska. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin tsohuwar fahimta, domin yana nuna cewa ciwon daga waje ya zo, wani ne ya taɓa mutum, saboda haka ana iya neman sulhu da wanda ya taɓa shi. A kan wannan aƙida bori ya ginu.

A daular Gobir bori yana da gurbi a cikin sarauta. Inna, wadda akan naɗa daga cikin 'yan'uwan sarki mata, ita ce shugabar 'yan bori, kuma mai faɗa a ji ce a fada. Ruwayar Zamfarawa ma ta danganta sarauniyarsu 'Yargoje da shugabancin bori. Idan ciwo ya ƙi jin maganin gida da na boka, aka yanke cewa na iska ne, sai a yi wa majinyaci girka. Akan keɓe shi kwanaki a ɗaki tare da mai girka da uwar girka, ana ba shi jiƙe-jiƙe da turare, makaɗa kuwa suna zaune a ƙofa da garaya da buta, ko goge, ko kuma ƙwarya idan mata ne. Kowane iska yana da takensa. Aikin makaɗi shi ne ya bi taken nan ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda jikin majinyaci ya amsa, watau kiɗan shi ne awo, shi ne kuma hanyar kiran wanda za a yi sulhu da shi. Fremont Besmer, wanda ya buga nazarinsa a kan makaɗan bori a 1983, ya nuna cewa ba a hawa sai da makaɗi, kuma 'yan bori suna danganta kowane iska da irin ciwon da yake sawa, alal misali Sarkin Rafi da hauka, Inna da shanyewar jiki.

Ko me mutum zai ce game da aƙidar da ke ƙarƙashin wannan aiki, akwai abubuwa biyu da masanin zaman jama'a ba zai tsallake ba. Na farko, dangi ne suke haɗa kuɗin girka, ciwon ya zama nauyin zuriya. Na biyu, wanda aka girka yakan fito da sabon matsayi da sababbin abokai, ana kiransa doki ko goɗiya, kalmar mahaukaci ta faɗi daga kansa. Binciken Murray Last a cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi ya ƙarfafa wannan fuska ta bori a matsayin jinya.

Malaman jihadi sun yaƙi bori a kan cewa shirka ce, kuma faɗuwar Alƙalawa ta raba shi da gadon sarauta a wannan yanki. To amma sun san ba a rushe rumbu a bar hatsi a fili. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, Nana Asma'u kuma ta wallafa littafi a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Har ila yau ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa, wadda a da alamar Innar Gobir ce, ta aike ta ƙauyuka da waƙoƙin wa'azi. A nan ma fasahar baka ce aka kai wa matan da a da garaya take tarawa. Ta fuskar shari'a kuwa, Musulunci ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alhakin ayyukansa, ya ɗora kula da shi a kan waliyyinsa. Daga nan rubutun sha da tofi da zama a gidan malam suka zama babbar hanyar jinya, makaɗi ya koma gefe, ko da yake bai ɓace ba.

5.0 Zamanin Turawa: Daga Ɗakin Girka Zuwa Gidan Yari

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, kuma tun a shekarunsu na farko suka hana wasan bori a fili. Wannan hani yana cikin abin da ya sa A. J. N. Tremearne ya tafi Tunis da Tarabulus ya yi nazarin bori a wurin Hausawan da ke can, ya buga littafinsa a 1914. Abin da Turawa suka kawo a madadin bai taka kara ya karya ba. An buɗe gidajen tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907, dukansu a Kudu. Dokar 1916, wadda aka sake wa fasali a 1958, ba ta dubi majinyaci a matsayin mai neman magani ba. Damuwarta ita ce yadda za a kama shi a tsare idan ya zama barazana. A Arewa, wanda ya fi ƙarfin danginsa yakan ƙare a wani sashe na gidan yarin En'e, tare da ɓarayi da masu kisan kai. Likitocin da gwamnati ta sa su duba al'amarin, irin su Bruce Home a 1928 da Cunyngham Brown a 1938, sun rubuta rahotannin da suka nuna munin halin, amma ba a fitar da kuɗin gyara ba.

Canji ya fara ne daga Abeokuta. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro, inda majinyaci yake sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, kuma Lambo ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Wannan ya zo daidai da fitowar maganin Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952. Hikimar Lambo ita ce wadda masu girka suka riga suka sani, watau ba a warkar da mutum a raba shi da mutanensa. Sai dai tsarin bai yaɗu zuwa ƙasar Sakkwato ba. Abin da yankin ya samu daga baya shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, wanda yanzu yake hannun Gwamnatin Tarayya, kuma tafiyar sa'o'i ce daga Zurmi ko Shinkafi. Har sunan garin ya shiga bakin mutane a matsayin ba'a, a ce wane sai Kware.

6.0 Makaɗi, Kyauta da Ajo

A daidai wannan zamani da aka raba kiɗa da jinya, arewacin Zamfara ya fitar da makaɗan da ƙasar Hausa take alfahari da su. A Tubali ta ƙasar Shinkafi aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960. Ƙasar Zurmi ta fitar da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta. Daga yamma kaɗan, a ƙasar Maradun, ga Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ga kuma Amali Sububu na manoma. M. G. Smith ya bayyana a 1957 cewa roƙo wata hanya ce ta tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma: maroƙi yana ba da suna, ubangida yana ba da riga da doki da hatsi. Bisa wannan tsari dukiya daga sama take gangarowa zuwa ga mai fasaha, shi ya sa maganar makaɗi ya ba da gudummawa take yi wa kunne baƙunta.

Amma idan aka duba da kyau, makaɗin Hausa ya daɗe yana ba da aikinsa don amfanin wani. A gayya, makaɗin noma ne yake sa samari su gama gonar tsoho ko ta surukin abokinsu a yini guda. Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, ya bar waƙoƙin Imfiraji, makafi masu bara suka haddace su suka ci abinci da su shekara da shekaru a ƙofofin gidaje da tashoshin mota. Mafi kusa da gwanjon taimako kuwa shi ne ajo. Idan aure ya taso wa ɗan dambe ko makaɗi, ko gobara ta cinye wa wani rumfa, ko bashi ya yi masa katutu, sai a sa rana, a raba goron gayyata, makaɗa su kafa kiɗa a dandali. Kowa ya fito da abin hannunsa sai sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da adadin abin da ya bayar. Wanda ya ji an ambaci tsaransa da fam biyu ba zai yarda a ambace shi da fam ɗaya ba. Gasar da mai gwanjo yake tayarwa da ƙararrawa, ita ce sanƙira yake tayarwa da kirari.

To, me ya hana wannan hanya ta kai ga mai taɓin hankali? Dalili na farko shi ne ajo ramuwa ne. Kamar bikin da mata suke yi wa juna, wanda Baba ta Karo ta bayyana a littafin Mary Smith na 1954, abin da aka ba mutum yau bashi ne da zai mayar ranar da mai bayarwa ya kira nasa taron. Wanda hankalinsa ya gushe ya fita daga wannan zagaye, domin ba a sa ran ranar da zai rama.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Ajo ba ya yiwuwa sai an faɗi sunan wanda ake yi dominsa, hauka kuwa ciwo ne da gida yake rufewa. Idan aka zo binciken aure, tana cikin abubuwan farko da ake tambaya a kan zuriya, tare da kuturta, kuma a fiƙihun Malikiyya tana cikin aibobin da suke ba da damar warware aure. Uban da ya tara makaɗa don ɗansa mai taɓin hankali ya yi shelar abin da zai hana 'ya'yansa mata samun miji. Saboda haka ya gwammace ya sayar da akuya da gona a ɓoye, ya kai yaron ƙauye mai nisa da dare. Makaho da kuturu da gurgu suna da sarakunansu da unguwanninsu da waƙoƙinsu na bara a garuruwan Hausa. Mai taɓin hankali ba shi da ko ɗaya, domin ciwonsa ya hana shi haɗa kai da irinsa, kunya kuma ta hana danginsa yin magana a madadinsa. Abin da ya samu daga fasahar baka shi ne waƙar tsokana ta yara a bayansa, da matsayin abin dariya a tatsuniya da wasan kwaikwayo.

7.0 Halin da Aka Shiga

Nauyin da ake ɓoyewa ya ƙaru ninkin-ba-ninki tun daga wajen 2011, sa'ad da rikicin 'yan bindiga ya fara cin ƙauyukan Zamfara. Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda suna cikin wuraren da abin ya fi yi wa ɓarna: an ƙone garuruwa, an sace mutane don kuɗin fansa, an yi wa mata fyaɗe, manoma sun bar gonakinsu. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar na wani lokaci. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta shigo Zamfara a 2010 saboda gubar dalma, ta faɗaɗa aikinta zuwa asibitocin Shinkafi da Zurmi, kuma ta haɗa da kula da lafiyar hankali, domin uwar da ta kawo ɗa mai tamowa sau da yawa ita ma ba ta barci. A watan Disamba na 2023 faɗa ya tilasta wa ƙungiyar janye wasu ma'aikatanta daga Zurmi na ɗan lokaci.

Ga kuma shaye-shaye. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnati a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a shekarar aka hana sayar da maganin tari mai kodin. A 2019 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa, waɗanda iyayensu ne suka kai su da hannunsu don ba su san wata ƙofa ba. Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta bayar a farkon shekarun 2020 ta nuna ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A watan Janairu na 2023 aka bayyana sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci, ta kuma tanadi asusu na musamman. Doka dai takarda ce har sai an sa mata kuɗi da ma'aikata.

8.0 Gwanjo, Ƙaddamarwa da Waƙafi

Kalmar gwanjo kanta tana da nata nauyin. Daga Yarbanci Hausa ta aro ta, kuma ta shigo ne tare da kayan da kotu ta ƙwace, da na wanda ya karye, daga baya ta zama sunan tufafin da wani ya sa ya tuɓe. A kunnen Bahaushe, abin da aka yi gwanjonsa ya faɗi daraja, alhali a Landan gwanjo ne yake ɗaga darajar zane. Maɗinkin da ya yi wata uku a kan aska takwas ba zai ji daɗi a ce an yi gwanjon rigarsa ba.

Amma ƙasar Hausa ta riga ta ƙago abin da ya yi daidai da gwanjon Turawa ba tare da wannan suna ba, watau ƙaddamarwa. Tun daga shekarun 1970 da 1980, zamanin gidauniyoyin jihohi da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, aka saba a tara manya a zaure, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafin farko na littafi ko faifai da kuɗin da ya ninka farashinsa sau ɗari, maroƙi yana shela, saura su biyo baya. Ajo ne ya sa babbar riga. Bambancinsa da ajon dandali shi ne ana iya yin sa da sunan wata manufa, ba sai da sunan mutum ba, kuma a nan ne amfaninsa yake ga mai taɓin hankali. Ana faɗin sunan mai bayarwa da ƙarfi yadda al'ada take so, sunan majinyaci kuwa ya zauna a rufe yadda danginsa suke so. Kayan da za a ɗora a kan tebur ma akwai su: allon zayyana, da hula, da aikin fata, da ƙwarya mai zane, da sabuwar waƙar da mawaƙi zai sadaukar.

Sai dai tarihi ya yi gargaɗi a kan abu ɗaya. Taron ƙaddamarwa na yini guda ne, kuma an sha ganin alkawarin da aka yi a gaban lasifika bai kai asusu ba. Ciwon hankali kuwa yakan bukaci magani wata bayan wata, shekara da shekaru. Musulmin da suka gabata sun warware wannan da waƙafi. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma dukiyar waƙafi ce ta riƙe shi ƙarnoni. A asibitin Edirne na Turkiyya, wanda aka gama a 1488, har makaɗa ake kawowa su yi wa majinyata kiɗa. A kusa kuma, hukumar zakka da waƙafi ta Jihar Sakkwato ta ɗauki biyan kuɗin maganin masu taɓin hankali a cikin ayyukanta, Zamfara ma tana da irin wannan hukuma tun farkon zamanin shari'a.

9.0 Kammalawa

An ga yadda makaɗi a ƙasar Zamfara da Gobir ya taɓa zama a ƙofar ɗakin jinya, yadda jihadi ya mayar da jinyar hannun malamai, da yadda mulkin Turawa ya kai majinyaci gidan yari. An kuma ga cewa ajo, duk da ƙarfinsa wajen buɗe aljihun masu hali, ya tsallake mai taɓin hankali saboda sharaɗin ramuwa da sharaɗin ambaton suna. Abin da gwanjon taimako ya zo da shi sabo shi ne raba sunan mai bayarwa da na mai karɓa, kuma ƙaddamarwa ta riga ta share masa fage. Gudummawar da jikokin Narambaɗa da Kassu Zurmi a sana'a za su iya bayarwa ta wuce kuɗin hula ko na faifai, domin bakin da ya iya sa sarki ya kyautar da doki zai iya sa a ambaci wannan ciwo a dandali ba tare da dariya ba. Ya rage ga masu nazarin adabin baka su tattara yadda waƙa da karin magana da tatsuniya suka siffanta mahaukaci a wannan yanki, tun tsofaffin da suka ga girka da ajo da idonsu suna raye, da yawansu kuwa yanzu suna zaman gudun hijira a Gusau da Ƙaura Namoda.